BUGUWA DA TARGAƊE DA KWANCIYAR JINI: MAFARINSU DA HAƊARINSU

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, cikin Masarautar Gwandu

 

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne irin raunin nan da mutane suka fi rainawa, watau wanda fata ba ta tsage ba, jini bai zuba ƙasa ba, ƙashi kuma ga alama bai karye ba. Shi ne muke kira buguwa, ko targaɗe, ko kwanciyar jini. In mutum ya sare ƙafarsa da gatari, da an ga jini sai a ruga da shi asibiti. Amma in jaki ya harbe shi, ko ya faɗo daga kan mota ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, sai a ce, "Ai da sauƙi, buguwa ce kawai." Sau da yawa haka ɗin ne, bayan kwana kaɗan sai ya warware. Amma cikin irin waɗannan raunuka akwai mai cin hannu, akwai mai cin ƙafa, akwai kuma mai cin rai. Ba abin da ke rarrabe mai sauƙi da mai haɗari sai sanin mafarinsa. Saboda haka nufina in bayyana muku mafarai huɗu, da alamun ko wane, sa'an nan in faɗi abin da ake roƙo daga gare ku.

Wannan magana ta shafe ku fiye da sauran hakimai saboda dalili uku. Na farko, babbar hanyar mota da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri ta ratsa ƙasashenku, a Jega kuma ta yi reshe zuwa Birnin Kebbi. Na biyu, mutanenku manoma ne da 'yan kasuwa da masu dako, kullum suna cikin ɗaukar kaya mai nauyi da ma'amala da dabbobi. Na uku, garin Aliero ya yi suna wajen ɗori tun kaka da kakanni, har daga jihohi masu nisa da ƙasashen maƙwabta ana kawo masu karaya. Duk wanda aka kawo kuwa baƙonku ne, amanarsa tana wuyanku.

ABIN DA KE FARUWA A ƘARƘASHIN FATA

Tsakanin fata da ƙashi akwai kitse da tsoka, da agara wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, da wasu jijiyoyi masu tauri waɗanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Cikin waɗannan duka akwai hanyoyin jini, manya da ƙanana, waɗansu sun fi gashin kai siranta. In wani abu ya bugi jiki da ƙarfi, fata takan jure domin tana da danƙo, amma ƙananan hanyoyin jinin nan sai su fashe. Jinin da ya fita ba shi da mafita, sai ya kwanta a wurin. Wannan shi ne kwanciyar jini. Ruwan jiki kuma ya taru ya daɗu a kai, wurin ya kumbura, ya yi zafi.

Manomin albasa na Aliero ya san wannan ba sai an gaya masa ba. In aka jefar da buhu daga kan mota, ɓawon albasa yakan zauna lafiya lau, amma ciki ya riga ya dagargaje, sai bayan kwanaki a ji wari. Haka jikin ɗan Adam yake.

Jiki da kansa yakan kwashe jinin da ya kwanta. Da fari wurin yakan yi ja, sa'an nan ya yi baƙi-baƙi, daga baya ya yi tsanwa-tsanwa, ya koma rawaya, ya ɓace, galibi cikin mako biyu. Ga mai farar fata ana ganin waɗannan launuka sosai. Ga mai baƙar fata kuwa sau da yawa ba a ganin kome sai ɗan duhu da kumburi, ko da jinin da ya kwanta yana da yawa. Don haka kada a ce tun da ba a ga tabo ba, ba rauni. Ku sani kuma jini yakan gangara ƙasa kamar ruwa. Wanda ya bugu a goshi, kashegari sai a ga idonsa ya yi baƙi. Wanda ya bugu a cinya, tabon yakan fito a gwiwa. Inda aka ga tabo ba lalle ne nan aka bugu ba.

MAFARI NA FARKO: BUGU DAGA WAJE

Wannan shi ne ya fi yawa. A zamanin nan babur ne kan gaba, musamman na 'yan kabu-kabu masu ɗaukar mutum uku da buhu, ba hular kwano. Sai motocin kasuwa da ake loda wa kaya har sama, mutane su hau bisa kaya. Sai harbin jaki da doki da raƙumi, da tunkuyin sa, da faɗowa daga itace ko daga kan rumbu, da ƙaton buhu da ya kuɓuce wa mai dako ya faɗa a ƙafar ɗan'uwansa. Akwai kuma abin da mutane ke jawo wa kansu a fagen dambe da kokawa da sharo. In bugun ya tsaya a hannu ko ƙafa, mai shi kuma yana iya motsa wurin, galibi ba kome. Amma akwai wurare uku da ba a sakaci da su.

Ciki. A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu akwai saifa, a dama kuma hanta. Dukansu cike suke da jini. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifar mutane da yawa, musamman yara, saifa mai kumburi kuwa ba ta da wuyar fashewa. Harbin jaki ɗaya ko kan keke da ya soki ciki ya isa. Jini sai ya yi ta zuba a cikin ciki, ba wanda ya gani. Baligi jinin jikinsa duka bai wuce wajen lita 5 ba, ciki kuwa yana iya ɓoye fiye da rabinsa. Alamun su ne: mutum ya yi fari fat a ido da tafin hannu, ya riƙa gumi mai sanyi, ƙishirwa ta dame shi, jiri ya ɗebe shi in ya tashi, wani lokaci ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo alhali bai bugu a nan ba. Mai waɗannan alamu aikin tiyata yake bukata a ranar. Kada a ba shi abinci, kada a tsaya jiƙa masa magani.

Kai. Mutum yakan bugu a ka ya suma, ya farfaɗo, ya yi magana sarai, har ya ci tuwo. Bayan sa'o'i kaɗan sai ciwon kai ya tsananta, ya yi ta amai, barci mai nauyi ya kama shi. Jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Haka kuma in aka ga jini ya kwanta a bayan kunne, ko kewaye da idanu biyu, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ƙashin kai ya tsage. Duk wanda ya suma saboda bugu, ko da na ɗan lokaci ne, a kai shi likita ya duba, kada kuma a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Dannewa. Da damina katangar ƙasa takan faɗa wa mutane, rijiya ko ramin haƙar ƙasa yakan rufta, mota takan kife ta danne ƙafa. In tsoka mai yawa ta daɗe a danne, takan mutu, ta saki wani abu cikin jini wanda ke toshe ƙoda. Likitocin Landan suka bayyana wannan a 1941, sa'ad da suka ga mutanen da aka tono daga ƙarƙashin gidajen da bom ya rusa suna mutuwa bayan kwanaki, ba su kuwa da wani rauni a fili. Alamarsa fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, sa'an nan ya ragu, ya ɗauke. Mugun duka ma yana kawo wannan. Ɓarawon da taron jama'a suka yi wa rubdugu, ko yaron da aka yi wa bulala ba iyaka, yana iya tashi da ƙafafunsa ya tafi gida, bayan kwana uku ko huɗu a ji rasuwarsa. Ku faɗa wa 'yan banga da iyaye da masu kula da almajirai wannan.

MAFARI NA BIYU: MURƊEWA DA ƊAUKAR KAYA

Wani raunin ba bugu ke kawo shi ba, jiki ne ke yin abin da ya fi ƙarfinsa. In ƙafa ta gurɗe a kunyar gona ko a rami, jijiyoyin da ke ɗaure idon sawu sai su miƙe fiye da kima, ko su yage kaɗan, ko su tsinke ɗungum. Shi ne targaɗe. In kuma mutum ya sunkuya ya sungumi buhu farat ɗaya, tsokar baya ko ta kafaɗa ce ke yagewa. Gajiya tana ƙara wannan, domin tsokar da ta gaji ba ta kare gaɓa. Shi ya sa ya fi yawa da kaka, lokacin kwasar shinkafa da albasa, da kuma ƙarshen yinin kasuwa.

Wahalar ita ce ido ba ya rarrabe targaɗe da tsagewar ƙashi, ko idon likita ne, sai da hoton ƙashi. Amma akwai gwaji mai sauƙi da likitocin Otawa ta ƙasar Kanada suka fitar a 1992, ana kuwa aiki da shi ko'ina a duniya. In wanda ya gurɗe ƙafa bai iya taku huɗu ba, ko kuwa in aka danna kan ƙashin idon sawu kansa ya ji zafi, to, a ɗauki hoto.

A nan ina roƙonku ku lura da yara ƙwarai. Ƙashin yaro yana da wani wuri mai taushi kusa da gaɓa, inda yake tsiro. Wannan wuri ya fi jijiyoyin gaɓar rauni. Saboda haka abin da zai zama targaɗe ga babba, ga yaro sau da yawa karaya ce. Mafi haɗari ita ce ta gwiwar hannu, wadda yara kan samu in sun faɗo daga mangwaro sun dafa ƙasa da hannu. Babbar hanyar jinin hannu tana bi ta gaban ƙashin nan daidai, bakin karayar yana iya danne ta. Yaron da ya faɗi gwiwar hannunsa ta kumbura, a kai shi hoto tun kafin kowa ya ja hannun ko ya murza shi.

MAFARI NA UKU: ƊAURI MAI TSANANI

Yanzu na zo kan abin da ya fi damun ma'aikatan lafiya, gama shi ne raunin da ke zuwa bayan rauni, daga hannun masu neman taimako. Tsokokin hannu da na ƙwauri suna cikin wani tantani mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa. In an karye ko an bugu ƙwarai, kumburi yakan yi ta ƙaruwa har kwana biyu ko uku. Kumburi kuwa wuri yake nema. In aka kawo karan ɗori da tsumma aka tamke tun ranar farko, ɗaurin da ya yi daidai da safe, da dare ya zama tarko. Kumburi ya rasa wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini, jini ya daina kai wa tsoka. Tsokar da ta rasa jini wajen sa'a shida ta fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Ƙarshen abin iri biyu ne. Ko dai hannu ya tsira amma ya shanye, yatsu su lanƙwashe kamar ƙafar shaho har iyakar rai, abin da wani likitan Jamus mai suna Folkman ya bayyana a 1881, ya kuma ce ɗauri mai tsanani ne sanadinsa. Ko kuwa hannun ya yi baƙi ya ruɓe, sai a yanke domin a ceci rai. Likitocin ƙashi na ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa da yawa daga cikin yaran da ake yanke wa hannu, asalin ciwonsu ƙaramar karaya ce wadda da an bar ta da sassauƙan ɗauri da ta warke sarai.

Kada a ɗauki wannan magana a kan zargi ga maɗoran Aliero. Sana'arsu gado ce, mutane masu yawa suna tafiya da ƙafafunsu yau ta dalilinsu, ga sauƙin kuɗi, ga kusa, ga haƙuri da majinyaci. Filastar asibiti ma in ta matse, irin ɓarnar nan take yi, shi ya sa likita kan tsaga ta in ya ga kumburi. Illar tana ga matsi, ko wane ne ya ɗaura. Kuma inda sana'a ta yi suna, nan masu kwaikwayo ke yawa, waɗanda ba su gada ba, ba su koya ba, suna yawo ƙauye ƙauye da sunan Aliero. Kare sunan gari daga irin waɗannan aikin hakimi ne da shugabannin maɗora.

Ga alamun da ya kamata ko wane mai jinya ya haddace. Zafi mai tsanani wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, har ya hana barci, magani kuma ba ya kwantar da shi. In aka miƙar da yatsu a hankali mai ciwo ya yi ƙara. Yatsu su kumbura, su sage, ko su yi sanyi. In aka danna farce ya yi fari, jini bai dawo nan da nan ba. Fata ta yi bororo a bakin ɗauri. Da an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kwance ɗaurin nan take, ko tsakar dare ne, a nufi asibiti. Kada a ce wa yaro ya yi jarunta, kada a ce sai ranar kwance ɗori ta zo. Abin da ya fi ban tsoro shi ne in zafin ya ɗauke farat ɗaya bayan ya tsananta. Iyaye sukan yi murna su ce an sami sauƙi, alhali jijiyar ce ta mutu.

Murza da ƙarfi ma tana da tata illa. Tana sake fasa hanyoyin jinin da suka fara toshewa, wani lokaci kuma jinin da ya kwanta a cinya ko a gwiwar hannu ya daskare ya zama ƙashi a cikin tsoka, gaɓa ta ƙage. Tsaga da ƙaho a kan sabon kumburi suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, har da cutar sarƙe haƙora.

MAFARI NA HUƊU: ILLA A CIKIN JINI

Akwai wanda jini ke kwanta masa ba tare da ya bugu ba, ko kuwa ɗan taɓi kaɗan ya kawo ƙaton kumburi. Irin wannan a nan mutane suka fi ɓata, su ce sammu ne ko taɓin iska. Dalilansa sanannu ne.

Akwai ciwon gado da likitoci ke kira hemofiliya, watau jini ba ya daskarewa da wuri. 'Ya'ya maza yake kamawa, ta wajen uwa yake biyowa, ana kuwa samunsa ga wajen ɗa namiji ɗaya cikin 5,000. Yaro ya fara rarrafe sai a ga gwiwa ta kumbura, a ce targaɗe ne, a yi ta ɗori. Sau da yawa ranar kaciya ake gane shi, sa'ad da jini ya ƙi tsayawa. In a wani gida an taɓa rasa yaro ta wannan hanya, ko kawun yaro yana da yawan zubar jini, kada wanzami ya taɓa shi sai an auna jininsa. Jarirai sababbin haihuwa kuma sukan rasa bitamin K, wanda ke taimakon jini ya daskare, shi ya sa ake yi musu allurarsa a asibiti ranar haihuwa.

Akwai magunguna. Asfirin yana tsinka jini, haka wafarin da ake ba masu ciwon zuciya. Ƙwayoyin nan da mata ke sha don ƙiba, da mayukan bilicin, suna sa fata ta yi siriri ta riƙa tabo da ɗan taɓi. Masu aikin ƙarfi da ke shan haɗin ƙwayoyi kullum daga masu talla, ba su san abin da ke ciki ba. Ciwon hanta ma yana kawo wannan, domin hanta ce ke yin abubuwan da ke daskarar da jini. Haka sankarar jini, wadda kan zo wa yaro da zazzaɓi da fari da dasashi mai jini. Tsofaffi kuwa fatarsu ta yi laushi, tabo a bayan hannunsu ba abin tsoro ba ne in ba wata alama.

Akwai biyu da ba sa jira. Na ɗaya saran kububuwa. Dafinta yana hana jini daskarewa, ƙafa ta kumbura, dasashi da tsofaffin miyaku su riƙa jini. Wani ko macijin bai gani ba, ya taka shi da dare a gona. Maganinsa allurar kashe dafi ce a asibiti, ɗaure ƙafa da igiya kuwa ƙara ɓarna yake yi. Na biyu sanƙarau. Ba ku manta da ɓarkewarsa a ƙasashen Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025 ba, da rayukan da ya ɗauka. Wani irinsa yana shiga jini ya fito da ɗige-ɗige ko tabo mai duhu kamar na duka, a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. In aka danna da gilashin kofi tabon bai ɓace ba, ga kuma zazzaɓi, to, sa'o'i ake ƙirgawa.

Ku riƙe wannan ƙa'ida: kumburi tare da zazzaɓi ba na maɗori ba ne. Yaron da ƙafarsa ta kumbura jikinsa ya yi zafi, mai yiwuwa mugunya ce a cikin ƙashi, ko amosanin jini, watau sikila, ko da an ce ya faɗi jiya. Wane yaro ne ba ya faɗuwa?

TAIMAKON FARKO GA MAI SAUƘI

In ba ko ɗaya daga cikin alamun haɗari, ga abin yi. A hutar da wurin. A ɗaga shi bisa matashi ya ɗara ƙirji. A sa tsumma mai ruwan randa, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. In za a naɗa bandeji, a bar yatsu a fili, a kuma tabbata yatsa yana shiga ƙarƙashinsa. Kwana biyun farko kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, domin zafi yana ƙara zubar jini a ciki. Don rage ciwo a sha farasitamol. Bayan kwana biyu ko uku a fara motsa gaɓar a hankali, gama daɗewa a ɗaure yana ƙagar da ita. In mako ya wuce ba sauƙi, a je asibiti.

ABIN DA AKE ROƘO DAGA GARE KU

Na ɗaya. Ku tara maɗora da wanzamai da ungozomai na ƙasarku, tare da ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma, a karanta musu alamun nan. A yi yarjejeniya a kan waɗanda ba za a riƙe ba: karayar da ƙashi ya huda fata, bugun kai da ciki da gadon baya, gwiwar hannun yaro, da kumburi mai zazzaɓi. A ƙarfafa wa maɗora su riƙa neman hoton ƙashi kafin ɗori, su kuma duba ɗaurinsu safe da yamma kwana ukun farko. Maɗorin da ya tura majinyaci asibiti a kan lokaci, ku yaba masa a gaban jama'a.

Na biyu. Ku san hanya tun kafin bukata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai babban asibiti a Jega da Aliero da Maiyama. Abin da ya fi ƙarfinsu sai Birnin Kebbi, inda akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Ko wane dagaci ya shirya da direba ɗaya ko biyu waɗanda za a iya tasa da dare. Rashin kuɗin mota shi ke sa a kwana da majinyaci, don haka ɗan asusun gari na wannan bukata sadaka ce mai gudana.

Na uku. Ku yi magana da shugabannin tasha da na 'yan kabu-kabu da sarakunan kasuwa a kan hawa bisa kaya, da lodi fiye da kima, da ba yara babur, da hular kwano.

Na huɗu, ga Malamai. In aka kawo ƙarar duka gaban hakimi, ku rubuta rana da sa'a, da wurin da raunin yake, dama ko hagu, da tsawonsa da faɗinsa, da abin da mai rauni ya faɗa da bakinsa. Ku rubuta abin da kuka gani kaɗai. Kada ku ce tabon nan kwanansa kaza ne, gama ko likita ba ya iya ƙayyade kwanan tabo daga launinsa. Ku sa a sake duba mutum bayan kwana biyu, domin wani tabon sai daga baya yake fitowa. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bambanta rauni da babban rauni, ta sa karaya da gocewar ƙashi cikin babba, da duk raunin da ya hana mutum sana'arsa kwana 20. Malaman fiƙihu ma sun ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga abin da ya bari. Saboda haka kada a gaggauta sulhu a rufe magana ranar da abu ya faru. Babban rauni kuwa a miƙa shi ga 'yan sanda da kotu tare da takardar likita.

Na biyar. Ku zama idon marasa baki. Yaro mai gudu yakan yi tabo a ƙwauri da gwiwa da goshi, wannan ba kome. Amma jaririn da bai fara rarrafe ba ba ya bugun kansa. Tabo a kunne, ko wuya, ko ciki, ko shatar bulala da ta yatsu, ko tsoho da sabo a jiki ɗaya, abin tambaya ne. Haka matar da kullum ake cewa ta faɗi a bakin rijiya. Amma a fara da kai su asibiti kafin a tuhumi kowa, domin kun ji yadda ciwon jini ke kama da duka, kada a zalunci uba a kan abin da bai yi ba.

Ranku ya daɗe, tambaya ɗaya nake so ku koma da ita, ku kuma koya wa dagatai da masu unguwanni: in an ga kumburi ko tabo, a tambaya, me ya kawo shi? In an san amsa, wurin kuma yana samun sauƙi kullum, haƙuri da ruwan sanyi sun isa. In ba a san amsa ba, ko ciwo yana gaba, kada rana ta faɗi mai shi yana gida. Talakawa maganarku suke ji fiye da ta likita, in kuwa kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimake ku a kan riƙon jama'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.